Kwana biyu a jere agogona yana nuna ja, in je tirenin ko in haƙura?

Abban_Hanifa: Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ɗaura abubuwan nan na auna bugun zuciya ku ba ni shawara. Ni Whoop nake ɗaurawa, ƙanina ne ya aiko min daga Ingila wata huɗu kenan. Jiya da safe makin murmurewa da ya ba ni 31 ne, yau kuma na tashi na ga 28, ja kenan kwana biyu a jere. HRV ɗina da ya saba zama wajen 60 ya sauko 41, bugun zuciya na hutu kuma daga 56 ya hau 61. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ni a jikina ban ji komai ba wlh, ba ciwon kai ba kasala, na je masallaci da asuba na dawo na karya na fito kasuwa lafiya lau. Kuma yau Talata, ranar da muke gudun sauri da yamma, mita 400 sau takwas, don muna da wasa ranar Asabar da 'yan wata unguwa. In je ko in zauna? Shekarata 37 in hakan zai taimaka.

Dan_Fagge: Wa'alaikumus salam. Je ka abinka malam. Jikinka ya ce lafiya, agogo ya ce ba lafiya, to waye a cikinsu ya fi daɗewa tare da kai?

KociHabu: Kafin a ce je ka ko kar ka je, ba mu labarin daren jiya da na shekaranjiya. Ƙarfe nawa ka kwanta, me ka ci kuma yaushe, akwai wuta ko babu? Sannan me ka yi Lahadi?

Ummu_Sadiq: Dan Allah ku yi haƙuri da ni, mene ne HRV ɗin nan? Ni ma ina ganin shi a manhajar agogona kullum amma taku kawai nake dubawa.

Abban_Hanifa: Koci, Lahadi mun buga ƙwallo kusan awa ɗaya da rabi da hantsi, rana ta ɗan taɓa mu. Wuta kuwa yau kwana uku ba mu gan ta da dare ba, ka san Kano a watan Afirilu, fankar caji ma ƙarfe biyu take mutuwa sai mutum ya yi ta juyi, katifa sharkaf da gumi. Jiya sai wajen sha ɗaya na ci tuwo don na daɗe a shago, na kuma tsaya wajen mai shayi. Barcin awa biyar ya rubuta.

Fisiyo_Sani: Hajiya Ummu_Sadiq, zuciya ba ta bugawa daidai wa daida kamar agogon bango. Ko da a ce tana buga 60 a minti ɗaya, tazarar da ke tsakanin wannan bugu da na gaba tana ɗan canjawa, wani ya zo kafin sakan ɗaya ya cika wani ya ɗan wuce. Wannan ɗan bambancin shi ake aunawa da milisakan, shi ne HRV. Jijiyoyin da ke sarrafa zuciya ba da saninmu ba kashi biyu ne, akwai masu taka totur in an shiga wahala ko tsoro ko zafi, akwai masu taka birki in jiki ya samu natsuwa. In masu birki ne ke riƙe da ragama bambancin yana yawa, in jiki yana fama da wani abu sai ya ragu. Inda gizo ke saƙar shi ne agogon bai san da ME jikin ke fama ba. Gajiyar ƙwallo, rashin barci, ƙarancin ruwa a jiki, abinci mai nauyi dab da kwanciya, damuwar bashi, zazzaɓin da ke tahowa, duk lamba ɗaya za su ba ka. Whoop yana haɗa HRV da bugun hutu da yawan numfashi da barci ya fitar da maki, 67 zuwa sama kore, 34 zuwa 66 ruwan ɗorawa, 33 zuwa ƙasa ja. Abban Hanifa, abin da ka lissafa ma kaɗai ya isa ya ba ka ja ba tare da wata cuta ba.

Ummu_Sadiq: Allah ya saka da alheri, yau na gane. Ashe yawansa ne mai kyau, ni da na ɗauka in ya yi yawa matsala ce.

MaiKeke_Zazzau: Ni dai zan faɗi abin da ya same ni, kowa ya ɗauki abin da zai ɗauka. Bara da damina, watan Agusta, bugun hutuna da yake 52 ya koma 58, washegari 61, rana ta uku 63. Ni kuma garau nake jin kaina, irin maganar da Abban Hanifa yake yi yanzu sak. Na ce ai na'ura ce, na hau kekena na kama hanyar Giwa kamar yadda na saba. Ban yi kilomita 15 ba na ji ƙafafuna kamar an ɗaura musu bulo, bakina ɗaci, ga wani sanyi yana shiga ta a tsakiyar rana. A ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro na zauna, wani dattijo mai saida rake ya ba ni ruwa ya ce yaro idonka ya yi ja, koma gida. A bayan a-kori-kura aka dawo da ni da keken. Da dare aka yi gwaji, maleriya. Sati biyu ban hau keke ba, kuma sai da na yi kusan wata kafin ƙarfina ya dawo yadda yake. Agogon ya riga ni sani da kwana uku. Tun daga nan in bugun hutu ya hau kwana biyu a jere ba na wasa da shi.

Dan_Fagge: Allah ya ƙara lafiya. Amma kai naka ya hau da 11 ne, nashi 5 ne kawai, kuma ga dalili a fili, zafi da rashin barci.

MaiKeke_Zazzau: Haka ne, amma ranar farko nawa ma da 6 ya fara.

Bakatsine_77: Irin labarin MaiKeke ya faru da wani ɗan wasan golf na Amurka, Nick Watney, a watan Yunin 2020. Whoop ɗinsa ya nuna masa numfashinsa na cikin barci ya ƙaru fiye da yadda ya saba, ya je aka gwada shi aka samu korona, shi ne ɗan wasa na farko a gasar PGA da aka samu da ita bayan an dawo wasanni. Abban Hanifa duba lambar numfashinka, ita ba ta cika motsi ba, in ta motsa akwai magana.

Abban_Hanifa: Na duba, 14.8 ne, kuma kullum tsakanin 14 da rabi da 15 yake. Bai motsa ba.

Basakkwace: Ni wanga batu mamaki shika ba ni. Kakanninmu da iyayenmu sun yi noma tun asuba har rana ta take, sun yi tafiya ƙasa daga gari zuwa gari, ba wanda ya ɗaura wani abu ga hannu shi gaya mai ya gaji. Yanzu mutum da ƙarfinai shi tashi lahiya lau shi ce sai ya tambayi agogo. Ku bari ana sa muku tsoro.

Hajiya_Mairo: Malam Basakkwace ina ganin girmanka amma ban yarda da kai duka ba. Mahaifina manomi ne, Allah ya jiƙansa, kuma ni na sha kai masa fura gona. In rana ta take ajiye fartanya yake ya kwanta a inuwar ɗorawa har sai ta yi sanyi, in ya tashi da safe ya ji jikinsa ba daidai ba sai ya ce yau yara su je shi zai zauna gyaran igiya. Su ma suna hutawa, sun dai iya sauraron jikinsu ne fiye da mu. Kuma da yawa a cikinsu an sha cewa faɗuwa kawai ya yi a gona, ba wanda ya san hawan jini ne ko zuciya. Mu da muke wuni a kujera sannan mu fita mu yi gudu kamar matasa, ba laifi ba ne in wani abu ya ɗan ja mana kunne.

Basakkwace: Amin Hajiya, Allah shi jiƙan magabata. Maganarki akwai gaskiya ciki. Ni dai abin da ban so shi ne mutum shi miƙa hankalinai duka ga na'ura.

Zee_Kaduna: Wannan na ƙarshen da Malam ya faɗa shi ya faru da ni. Na kai matsayin da kafin in yi addu'ar tashi daga barci na riga na buɗe waya in ga maki. In na ga ya yi ƙasa shi kenan ranar ta lalace, sai in ji gajiyar da ban ji ba minti ɗaya da ya wuce, in fasa zuwa Murtala Square, in wuni ina jin haushi. Da dare kuma in kwanta ina tunanin kar gobe ma ya yi ƙasa, tunanin ya hana ni barcin. Daga baya na ga ashe har suna likitocin barci a Amurka suka sa wa abin a 2017, orthosomnia, mutum ya damu da neman cikakken barci a na'ura har barcin ya gagare shi. Akwai ma binciken da aka yi a wata kwaleji a Colorado a 2014, aka gaya wa wasu ɗalibai cewa na'ura ta nuna barcinsu bai yi kyau ba alhali ba gaskiya ba ne, da aka ba su gwajin lissafi da natsuwa sai suka yi ƙasa da waɗanda aka ce musu nasu ya yi kyau. Yanzu dokar da na sa wa kaina, sai na yi sallah na yi wanka na tambayi kaina yaya nake ji, na ba kaina maki daga 1 zuwa 5, sannan in buɗe manhajar. Wlh na samu sauƙi sosai.

Ummu_Sadiq: Zee wannan dabarar ta yi, zan gwada.

Sadiq_Injiniya: Wani abu da ba a taɓo ba, yaya kake ɗaura shi? Na'urorin nan haske suke haskawa cikin fata su karanta yadda jini ke kai kawo. In madaurin ya yi sako-sako, ko gumi ya yi yawa yana zamewa, ko ka kwanta a kan hannun, karatun yana iya karkacewa. Koren haske kuma baƙar fata tana shanye shi fiye da fara, shi ya sa ake ta muhawara kan ko daidai suke karanta mu, bincike wani ya ce akwai bambanci wani ya ce ba shi da yawa. Ka matsar da shi sama da ƙashin wuyan hannu kamar faɗin yatsa biyu, ka ɗan tsuke, ka wanke bayan da ruwa. Daren da mutum ya kwana yana juyi cikin gumi ni ba na ba lambar amana ɗari bisa ɗari.

Dan_Fagge: Wai nawa ake saida shi ma? Na ji an ce ba saye ake ba, kuɗin wata ko na shekara ake biya.

Abban_Hanifa: Eh rajista ce ake sabuntawa, ƙanin nawa ne ke biya daga can. Ba shi ma da fuska, komai a waya ake gani.

Dan_Fagge: Tab. Da canjin dala na yanzu gara in sayi takalmin gudu mai kyau.

KociHabu: Dan_Fagge ba sai ka sayi komai ba. Mu tun kafin agogunan nan su zo abin da muke sa yara shi ne da ka farka, kafin ka sauko daga gado, ka ɗora yatsa biyu a wuyan hannu ka ƙirga minti ɗaya cur ka rubuta a littafi. Sati biyu ka san lambarka. Ranar da ka ga ta haura da 7 ko 10 ka san akwai abin da ke faruwa. Kyauta ne.

To mu dawo kan mai tambaya don lokaci na tafiya. Abban Hanifa, tambayarka ka yi ta kamar hanya biyu ce kawai, ko mita 400 sau takwas ko kwanciya a gida, alhali akwai hanyoyi da yawa a tsakani. Ga abin da zan ce da kai in ɗan wasana ne. Ka fara auna zafin jikinka, in akwai zazzaɓi ko ɗaci a baki ko ciwon gaɓoɓi magana ta ƙare, sai gwaji. In babu, ka sha ruwa sosai tun yanzu har fitsarinka ya yi haske, kar ka fita sai biyar da rabi ta wuce rana ta yi sanyi. Ka yi sassarfa minti 10 zuwa 15 a saurin da ka saba ɗumama jiki, ka duba bugun. In ka saba ganin 130 yau ka ga 142 a wannan saurin, ko ƙafa ta yi nauyi, to ka ƙarasa da tafiya da miƙe jijiyoyi ka koma gida. In komai daidai ne ka yi huɗu maimakon takwas, kuma kar ka ƙure. Ka tuna wasan Asabar kake wa shiri, ƙarfin da za ka buga da shi ranar ka riga ka tara shi tun makonnin baya, tirenin ɗin yau ba abin da zai ƙara maka cikin kwana huɗu, amma zai iya rage maka in ka yi shi a kan gajiya.

Fisiyo_Sani: Na goyi bayan Koci. Dama binciken da aka fara yi kan wannan, na wasu masana a Oulu ta ƙasar Finland a 2007, ba cewa suka yi in lamba ta sauka a kwanta kullum ba. Sun sa rukuni ɗaya suna auna HRV kowace safiya, in ya sauka su yi motsa jiki mai sauƙi ko su huta, in ya dawo su yi mai ƙarfi, ɗaya rukunin kuma suna bin jadawali ko ta halin ƙaƙa. Bayan sati huɗu masu bin awon sun fi samun ci gaba a saurin gudu. Amma mutanen ba su kai talatin ba, kuma a ƙasa mai sanyi, don haka kar a ɗauke shi kamar yankan wuƙa. Abu ɗaya da ba na sassauci a kai, ba a motsa jiki mai ƙarfi da zazzaɓi. Wasu ƙwayoyin cutar suna iya kumbura naman zuciya, kuma gudu a wannan halin haɗari ne na gaske. Haka ciwon ƙirji, jiri, numfashi sama-sama ba dalili, ko ka ji zuciya tana tsalle, wannan ko agogo ya nuna kore 99 asibiti za ka.

Garba_Jabi: Ni Garmin nake amfani da shi, su sai ka kwana da agogon kusan sati uku kafin ma su fara ce maka komai kan HRV, sannan matsakaicin kwana bakwai suke kwatantawa da abin da ka saba. Wannan ya koya min daina firgita da dare ɗaya. Kuma dan Allah a daina kwatanta lamba da ta wani, a wajen motsa jikinmu na tafkin Jabi wani yaro ɗan 22 yana nuna 95 wani bawan Allah ɗan 50 ya ga nashi 30 hankalinsa ya tashi, alhali abin yana raguwa da shekaru kuma kowa da nashi.

Malam_Nura: Tambaya a kan wannan, ku da kuka daɗe da shi yaya kuke yi da azumi? Ni watan Ramadan gaba ɗaya ja da ruwan ɗorawa na yi ta gani, ga tarawihi ga sahur ga tahajjud a goman ƙarshe, barci ya rabu gida uku. Da na bi ta agogo da ban motsa ba wata guda.

Garba_Jabi: Malam Nura ni tafiya nake yi minti 30 kafin shan ruwa, ɗaga ƙarfe kuma sai bayan tarawihi kuma rabin nauyin da na saba. Makin ban ma cika dubawa ba a watan. Ko ba azumi ba ma, barcin bayan asuba wani lokaci agogo ba ya haɗa shi da na dare, sai ka shiga ka gyara da hannu.

Zee_Kaduna: Mata kuma a lura, kwanakin da suka rage kafin al'ada HRV yana sauka, bugun hutu da zafin jiki su ɗan hau, haka halittar take. Na yi wata uku ina zaton ciwo ne ke damuna kafin na lura duk wata a lokaci ɗaya yake zuwa.

Hajiya_Mairo: Zee Allah ya yi miki albarka, wannan 'yata ta sha yi min ƙorafinsa.

Abban_Hanifa: Jama'a na dawo, na gode ƙwarai. Na tsaya a kemis an auna ni, 36.7, ba zazzaɓi. Na fita shida saura kwata na yi yadda Koci ya ce. A ɗumama jiki bugun ya ɗan fi na kullum da kamar 5 ko 6, ba 12 ba, to sai na rasa wane ɓangare na faɗa. Na yi na farko da na biyu lafiya, a na uku na ji ba ni da wannan ƙarfin na ƙarshen zagaye, kuma bugun ya ƙi sauka da wuri a hutun tsakani, da minti ɗaya da rabi yake komawa 120 yau sai da ya haura minti biyu. Na tsaya a uku. Abokan suna ta kira na in ƙarasa na ce a'a, na zauna a bakin fili na shanye ruwa leda biyu ina kallonsu.

Dan_Fagge: Ka ga ai ka je kuma ba abin da ya same ka.

MaiKeke_Zazzau: Ya je amma bai yi takwas ba, kuma jikin ya nuna masa abin da agogon ya faɗa tun safe. Ni da ni ne da gwajin maleriyar ma na yi tunda na shiga kemis ɗin.

KociHabu: Ka yi daidai da ka tsaya. Yau ka ci abinci kafin takwas, shayin dare a bar shi, sinadarin kafeyin da ke ciki yana ɗaukar kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. In da hali ka fito da katifa tsakar gida ka ɗaura gidan sauro.

Abban_Hanifa: Barkanmu da safiya. A tsakar gida na kwana, awa shida da minti arba'in. Yau 44 ya ba ni, ruwan ɗorawa, bugun hutu 59, HRV 49. Sai dai abin mamaki yau ne ma nake jin nauyi a cinyoyina, jiya da yake ja ban ji ba. Alhamis akwai tirenin na ƙwallo, Koci in je ko in bari sai Asabar ɗin?

KociHabu: Yau tukuna ka huta. Gobe da safe ka turo bugun hutun da yadda cinyar take kafin ka buɗe makin, sai mu gani.

Basakkwace: Kuma ka hwaɗa muna yadda wasan ya ƙare, wace lamba kaka bugawa ma?

Abban_Hanifa: Lamba shida Malam, tsakiya. In sha Allah za ku ji.